Wanda Ya Kafa Makarantarmu Kafin a Haife Shi

Jiya wandona ya yage a bainar jama'a. An gayyace mu tsofaffin ɗalibai bikin cikar firamaren garinmu shekara sittin, aka zaunar da ni a bencin aji uku, ƙusa ta kama ni ta baya. Da na duba, sai na ga bencin da na zauna ne ina yaro, ga sunana nan da na kankara da reza. A yaba wa hukuma, ta iya adana kayan tarihi.

Manya suna rumfa a kan kujeru masu laushi. Aka raba mana littafi mai sheƙi, wai tarihin gari. Shafin farko hoton ɗaya daga cikin manyan ne, wanda ake wa laƙabi da Mai Girma Uban Ilimi. Na biyu ma shi ne, ya juyo ɗaya kuncin. A na uku aka rubuta cewa shi ya kafa makarantar.

Na taɓa tela, maƙwabcina. "Shekarun mutumin nan nawa?"

"Hamsin da biyu."

"Makarantar fa?"

"Kai dai yi shiru. Manya da wuri suke fara aiki."

Ni dai abin da na sani, babanmu ne da abokansa suka buga bulon ajin farko, iyayenmu mata suka ɗebo ruwa. Tsohon Hedimasta ya koyar da yara sha tara a gindin bishiya kafin a yi rufi. Makarantar 'yan mata kuwa, marigayiya matarsa ce ta fara ta a tsakar gidansu da allo ɗaya. Na duba littafin gaba da baya, babu sunan ko ɗayansu.

Tsohon ya zo bikin, yana dogara sanda, ya haura tamanin. Mai gadi ya tsare shi a ƙofa, wai ba shi da katin gayyata. Da na ji, na fita na same shi zaune a bakin katanga, na karanta masa shafi na uku. Na zaci zai yi kuka.

Sai ya ce, "Na tuna shi. Sau biyu ya maimaita aji huɗu. Lissafi ne ya kayar da shi."

"Har yanzu bai ci ba, Malam," na ce.

Na ɗauke shi a babur na kai shi gida, muna jin tafi a bayanmu.

An ce baɗi za a rubuta tarihin dutsen da ke bayan gari. Na ƙosa in ga wanda ya gina shi.