Jirgina da Batirin Inna

Ta saman gidanmu a Kwaciri jirage suke bi in za su sauka, ni kuwa tun ina jami'a nake mafarkin jirgin da ba ya shan mai. A raba ruwa a sami iskar haidurojin, iskar ta ba da lantarki, jirgi ya lula bai zubar da komai ba sai ruwa mai kama da raɓa.

Ana gobe sunan 'yar yayata na ce bari in gwada. Na sayo wayoyi da 'yar fanka a Sabon Gari, na cire batirin sola da ke riƙe da firizar Inna, wadda ke maƙare da ƙanƙara da zoɓon suna. Aro ne kawai, in ji ni babbar injiniya.

Wuni na yi ina kallon kumfa tana tashi a kwalbar ruwan da na tsoma wayoyin batirin a ciki, zuciyata tana can cikin gajimare. Fanka ko motsi. Da magariba na mayar da batiri ba ko ɗigon caji, wuta kuma ba a kawo ba.

Da safe ruwan ƙanƙara ya malale tsakar gida. Inna ta tsaya tana salati. Maƙwabciyarmu Iya Basira ta leƙo ta ce, "Hajiya, yarinya ba ta yi ƙarya ba. Ruwa ta ce zai fito, ga shi kuwa!"

Zoɓo mai ɗumi baƙi suka sha. Har yau in jirgi ya wuce, Inna kan ɗaga kai ta ce, "Kyaftin, duba min, ba batirina ba ne ya tashi?"