Nomau da Kyamarar da Ta Ƙi Jan Fim

A ƙauyen Tungar Marke akwai wani gida mai mutum uku: Inna Dudu, da babban ɗanta Sanda mai gyaran agogo, da ƙaninsa Nomau. Nomau ya yi gemu har ya fara furfura, amma duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito haka yake ɗaukarta. Mahaifinsu ya yi wa wani injiniyan jirgin ƙasa kuku, da zai koma ƙasarsu ya bar masa kyamarar ɗaukar hoto mai motsi, irin wadda ake murɗawa kamar agogo. Ta shekara ashirin a akwati. Da aka zo da labarin cewa za a tashi garin saboda ruwan madatsa zai cinye shi, Sanda ya sa aka kawo masa fim sabo guda ɗaya daga birni, don ya ɗauki gidansu kafin su bar shi. Sai kyamara ta ƙi jan fim.

Wata rana Sanda yana gwada ta da wani tsohon fim da ya lalace. Ta yi ƙara kaɗan, ta cukuikuye shi, ta tsaya. Ya ce, "Kullum sai ta ci fim." Ya tashi ya tafi masallaci. Nomau ya leƙa cikinta ya ga wayam, tausayi ya kama shi. Ya ɗebo gero ya cika ta. Da Sanda ya dawo ya ce, "Me ka yi haka?" Nomau ya ce, "Yaya, shekara ashirin ba ta ci komai ba. In ta ƙoshi ai za ta bar maka fim ɗinka." Kwana biyu Sanda ya yi yana tsince gero da gashin kaza.

Wata rana kuma Sanda ya nuna masa wata 'yar ƙafa mai juyawa a cikin kyamarar, mai tsini-tsini kamar haƙora, da ke kama ramukan gefen fim tana tura shi gaba. Ya ce, "Ina zaton haƙoran nan ne ba su da lafiya, sai an duba su." Washegari kasuwa ta ci, Nomau ya saɓa kyamara ya kai wa Barmo wanzami, wanda ke cire wa mutane haƙori. Jama'a suka taru suna leƙe. Barmo ya ce, "Wanne ke mata ciwo?" Nomau ya kanga kunne a jikinta ya ce, "Ba ta faɗa ba. Cire na tsakiya mu gani." Barmo ya riga ya sa awartaki Sanda ya iso yana haki, ya fizge abarsa.

Saura kwana uku motocin kwasar kaya su zo. Sanda ya goge ƙofar da fim ke bi, ya sassauta lanƙwasar fim sama da ƙasa, ya murɗa. Kyamara ta ja taki huɗu da ƙyar ta tsaya. Ya ajiye ta ya ce, "Wannan jikinta ya yi sanyi. Na haƙura." Nomau ya taɓa ta, ya ji ƙarfen da sanyi kuwa. Ya naɗe ta da bargonsa, ya kai ta kusa da murhu inda Inna ke tuƙa tuwo, ya zauna yana gadi. Sanda ya zo nema, ya buɗe baki zai yi faɗa, Nomau ya danna maɓallin kunna ta don ya ji ko ta farfaɗo. Sai ga ta tana tafiya sumul, tirrr, ba tsayawa. Sanda ya buɗe ta ya shafa yatsa. Ashe tsohon man da ke cikinta ne ya daskare ya riƙe ƙafafun, ɗumi ya narkar da shi. Ya daɗe yana kallon ƙanin nasa, sannan ya je ya ɗauko tsumma da man keken ɗinki.

Da safe aka sa fim sabo. Inna ta zauna a kujera a ƙofar ɗakinta, ta haɗa rai, don tun da aka fara ɗaure kaya ba ta yi wa kowa magana ba. Sanda ya fara ɗauka, ya ga fim na tafiya a kan fuskar da ba ta ko motsi. Ya ce, "Nomau, zo ka ɗauki Inna, ni in je in zauna kusa da ita."

Nomau ya wuce shi da sauri, ya sunkuci Inna da kujerarta cak, ya ɗaga ta sama.

"Sauke ni, ɗan nan," in ji Inna, tana dukan kansa da mafici. Dariya ta ƙwace mata har ɗankwalinta ya zame. Nomau ya juyo ya ce, "Yaya, na ɗauka. Ina zan kai ta?"

Sanda bai ɗaga yatsa daga maɓallin ba. Ya ce, "Zaga da ita gidan, ɗaki ɗaki."

Haka aka yi, yana biye da su, har fim ya ƙare.