Rasuwar Malam Cokali na Ɗakin Tiyata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Ɗanlarai Mansir, mai sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata na asibitinmu da ke nan garin Bauchi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikina, Malam Cokali. Ya cika ranar Litinin da hantsi, bayan shekara ashirin da uku a bakin aiki, ba hutu, ba ƙarin girma.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan ƙarfe ne mai mariƙi, da baki siriri kamar yatsa, da 'yar fitila a tsininsa. 'Yan boko suna ce masa laringoskof, mu na gida muna ce masa Cokali. In jariri ya yi barci, Cokali ke ɗaga harshe ya haska maƙogwaro, ni kuma in hango ƙofar numfashi in zura bututu. Yaran da aka haifa da guntuwar haɓa ko tsagaggiyar ganɗa, waɗanda sauran kayan aiki ke gani su sunkuyar da kai, su ne mutanensa.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Kalma ɗaya ya sani a duniya: in an buɗe shi ya ce "ƙwas!" In ya yi fushi ya ƙi haske, sai in bubbuga ƙeyarsa sau biyu a tafin hannuna, ya huce. Bai taɓa shiga yajin aiki ba. Ya daɗe yana fama da ciwon ciki, batir ba ya zama masa daidai, amma shekara tara ina yi masa magani da takardar cingam mai ƙyalli, a ninka huɗu a cusa ƙarƙashin murfi, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba.

Ajalinsa ya zo ne ta hanyar tsafta. An ce manyan baƙi za su zo zagaye, mu kuwa in an ce baƙi, har duwatsun bakin ƙofa sai sun sha farin fenti. Sista Paulina, wadda aka kawo mana wata biyu da suka wuce, mace mai himma, Allah Ya rage mata, ta dubi marigayin ta yanke hukuncin cewa dattijon nan bai taɓa yin wanka mai kyau ba. Ta ɗauke shi ɗungurungum, da batir, da fitila, da takardar cingam, ta jefa a tukunyar dafa almakasai ta rufe. Ina baranda ina cin ƙosai na ji "fus!" Ita ce kalmarsa ta biyu, ita ce kuma ta ƙarshe. Baƙin ma ba su zo ba. Na yafe wa Sista Paulina har ga Allah, sai dai har yau ba na amsa gaisuwarta.

Ya rasu ya bar wansa, cokalin manya, wanda ko an shafa masa man shanu ba zai shiga bakin jariri ba, da marayun bututu goma sha ɗaya. Ya kuma bar magaji, sabon cokali mai kyamara da ɗan talabijin, kyautar wasu bayin Allah. Watansa takwas cikin kwali a sito, yana jiran babban mutum ya zo ya yanka zare. Malam Ladan mai sito ya rantse ba a taɓa abin da ba a ƙaddamar ba, ya sa mabuɗi a aljihu ya tafi kwas.

Amma wadda mutuwar nan ta fi doka ita ce A'i, 'yar Malam Yero manomi daga Miri. Watanta tara, haɓarta guntuwa, ganɗarta a tsage, nono yana dawo mata ta hanci, kullum sai ƙara ramewa take. Likitan da ke ɗinke ganɗa sau ɗaya yake zuwa a wata shida, kuma jibi Alhamis zai zo. In ban sa bututu ba, ba zai taɓa ta ba. Jiya uwarta Khadijatu ta tare ni a ƙofa ta tambaya ko ranar tana nan, na ce tana nan daram. Wallahi tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe. Wanka dai an riga an yi masa, har ya yi yawa. Za a suturta shi da bandeji. Bisa wasiyyarsa, za a binne shi a ƙofar sito, daidai ƙarƙashin kwaɗon da aka kulle ƙofar da shi. Da yake wurin siminti ne, Obadiya mai walda daga Shadawanka zai zo da guduma. Bawan Allahn nan idonsa ya yi rauni, saboda haka in ya auna ƙasa ya samu kwaɗo, kada kowa ya ce uffan, ranar makoki ce. Sista Paulina ta roƙi alfarmar ta riƙe masa kwaɗon, in ta yi, zan amsa gaisuwarta.

Masu ta'aziyya kada su kawo hatsi ko goro. A cika baranda maƙil, a ɗaga murya da kuka yadda ba za a ji guduma daga ofis ba. Kuma don Allah kada kowa ya watse sai an ji A'i ta farka ta karɓi kukan daga bakinmu.