Ranar da Aka Ƙaddamar da Durona

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce saura ƙiris manya su tafi da durona, ina tsaye ina kallo.

Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Ina yaro aka loda mu a mota aka ce mu matsa, ruwa zai zo. Ya zo kuwa, ya cinye gidanmu har da kukar ƙofar gida, mu kuma aka ajiye mu a kan tudu muna hango shi yana walƙiya. Famfon unguwarmu sau uku ana buɗe shi, kowane zaɓe sau ɗaya, bai taɓa ɗiga ba. Akuyar maƙwabcina Lawal ce kaɗai ke cin moriyarsa, don a jikinsa ake ɗaure ta.

Bana kafaɗar mai ɗakina Balaraba ta ƙi jan guga, 'ya'ya kuma duk sun watse Kano. Sai na je kasuwar Tudun Wada na sayo shuɗin duro na roba. Nazifi kafinta ya tsaga tsohon kwanon rufi a tsaye, ya lanƙwasa shi, ya ɗaure da waya a bakin rufin zaure, ya ɗan karkatar da shi yadda ruwa zai gangara indararo ya faɗa duro. Bakin duron muka rufe da yankin gidan sauro.

Balaraba ta kafa doka ɗaya: ba a ajiye ruwan farko. Ta ce wannan wankan rufi ne, kashin ƙadangaru da na tattabarun Lawal na wata bakwai duk a cikinsa suke saukowa. Litinin da la'asar aka yi ruwan farkon, duro ya kai rabi, na ce da safe zan zubar.

Da safe ban kai ga zubarwa ba sai ga mota da gwangwanin fenti da allo. Mujitaba ne ya fito, ɗan unguwarmu da ya zama mai riƙe wa manya jaka. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce Mai Girma Uban Almakashi na tafe buɗe aikin ruwa, famfo kuma ya ƙi ba da haɗin kai. Sun zaga mazaɓar kaf, ba inda suka ga ruwa a tsaye sai ƙofar gidana. In an gama, in ji shi, za a ɗora duron a mota a kai shi Badafi a sake buɗewa, daga nan ya zama na al'umma. Na ce nawa ne, da awaki biyu na saye shi. Ya nuna min fentin da har an fara shafawa.

Na buɗe baki zan yi masa bayanin ruwan da ke ciki, ya ɗaga min hannu.

"Baba, ku dai ku yi tafi in an ce a yi. Harkar ci gaba ba taku ba ce."

Na leƙa cikin gida na faɗa wa Balaraba duro zai tafi. Ta buɗe kwalla ta ɗauko kofin tangaran ɗin da ko ni ba a ba ni ruwa a ciki.

"Malam, baƙo ne babba. A ba shi a mai kyau."

Wajen azahar Mai Girma ya iso da motoci tara. Ya yanke kirtani, ya ce tunda ya hau ko barci ba ya yi saboda ƙishirwar talaka, ruwan sama ma a zamaninsu ne ya fara zuwa a kan lokaci. Muka yi tafi. Mujitaba ya karɓi kofin daga hannuna, ya cika shi, ya miƙa da hannu biyu. Wayoyi sun fi talatin a sama suna ɗaukar hoto.

Mai Girma ya kurɓa, ya riƙe a baki. Na ga idonsa ya tashi zuwa rufi, inda tattabarun Lawal suka jeru suna kallon biki. Wallahi sai da ya haɗiye, har ya ƙara. A nan na yarda shugabanci ba wasa ba ne. Daga nan ya ce aikin yana buƙatar ƙarin nazari, ya faɗa mota ko addu'ar rufewa ba a yi ba. Mujitaba ya tambaya ko a ɗora duron, aka ba shi amsar da ba zan rubuta a jarida ba. Lawal, wanda ya bi su a babur don ganin ƙwaƙwaf, ya rantse cewa sau biyu ayarin ya tsaya a bakin daji, kuma Badafi har yau suna jira.

Balaraba ta zubar da sauran, ta wanke duro da toka. Alhamis aka yi ruwa na biyu, ya cika taf, garau kamar hawaye. Jiya na gan ta tana alwala da shi, gugan kuwa yana rataye a ƙusa.

Allon da suka bari, mai ɗauke da sunan Mai Girma da manyan baƙaƙe, kwanonsa mai kauri ne. Nazifi ya lanƙwasa min shi ya maƙala a rufin ɗakin baya. A gaya wa Mai Girma mun gode. Shekara hamsin, wannan ne aikin manya na farko da ya kawo ruwa gidana.