Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Madubin Hangen Taurari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba a gani a fuskarsa ba ko a makokin da aka tashi kwanan baya, mai kemis ɗin bakin layi, wanda maƙwabta suka fi sani da Sarkin Duhu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar madubin hangen taurarinsa, Mai Ido Ɗaya. Ya riga mu gidan bola bayan gajeriyar jinya a hannun maigidansa.

Marigayin ɗan ƙarami ne, mai ƙafa uku da haƙurin gaske. Ya ƙare rayuwarsa a bayan gida yana tara hasken gajimaren taurari, wato hayaƙin nan mai nisa da ido ba ya gani sai kyamara ta daɗe tana kallo. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ɗan ƙirrr na injinsa yana bin sama a hankali, sautin da maigida ke ji ko yana barci, duk da ba ya jin sallamar baƙo.

Abu ɗaya marigayi ya tsana, shi ne haske. Saboda haka da an gama cin abinci kowace fitila ta gidan sai ta mutu. Uwargida ta ƙware a wanke-wanke da lalube. 'Yar gidan ta ci jarrabawa da karatun ƙarƙashin bargo. Tsohuwa kuwa, mahaifiyar maigida, wadda tagarta ke kallon inda ake kafa marigayi, tun tana yarinya take tsoron duhu, amma ɗanta ya ce mata ai ta girma.

Babban abin da za a riƙa tuna marigayi da shi shi ne wani jan gajimare da ya riƙa fitowa a gefen hotuna, wanda babu shi a taswirar kowa. Maigida ya tabbata shi ya gano shi. Ya sa hoton a gilashi, ya rataye a kemis saman maganin tari, duk wanda ya zo sayen maganin ciwon kai sai ya tafi da ƙarin wani ciwon kan, saboda labarin gajimare. Har ya zaɓa wa gajimaren suna, nasa.

Ciwon ajali ya faro ne daga rasuwar tsohuwa, Allah ya jiƙanta. Ranar ta yi ta kiran ɗanta ta taga, ya ce a bari hoto ya nuna tukuna. Hoton dai ya nuna. Tun daga nan jan gajimare ya ɓace, kuma wannan rashin ne ya hana maigida barci. Ya ɗora wa marigayi laifi. Ya kwance madubin ciki, mai fuskar azurfar da ko numfashi ba ta so, ya wanke da sabulu. Babu gajimare. Ya goge da sifirit ɗin shago. Babu. Daga ƙarshe ya ɗauko soson ƙarfe daga kicin, garin neman gira aka rasa ido.

Binciken gawa ya fito daga hannun uwargida. Ta ajiye masa wata 'yar fitila mai batir, naɗe da jan ɗankwalin tsohuwa. Ita tsohuwar ke kunnawa a ɓoye kan taga, ta rufe da ɗankwali don kada ɗanta ya gani ya yi faɗa, hasken kuma ya riƙa silalewa cikin bakin marigayi. Uwargida ce ke sayen batirin. Tana tsaye a ƙofar kicin lokacin da ya ɗauki soson, har ta matsa masa hanya.

"Ai ba ka tambaya ba," in ji ta.

Marigayi ya bar ƙafafu uku, da murfin ido, da kyamara marainiya, da maigida wanda har yanzu bai iya kallon tagar nan ba.

Za a yi zaman makoki a bayan gida bayan cin abincin dare, da dukkan fitilun gidan a kunne. Ana roƙon masu ta'aziyya kowa ya zo da tocila, mai ƙarfi ta fi. Mai bola zai ɗauki gawa da safe a kurarsa. Hoton jan gajimare ba zai bi gawa ba, duk da roƙon maigida. Uwargida ta rataye shi a falo, daidai gaban kujerarsa, domin shi kaɗai ne hoton mahaifiyarsa da ya taɓa ɗauka.