Rasuwar Gangar Ruwan Tsakar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da na kasa haɗiyewa, ni Wietske Zijlstra ta hawa na ɗaya nake sanar da mazauna wannan bene namu na birnin Groningen rasuwar shuɗiyar gangar ruwan sama da ke tsakar gida, ƙarƙashin indararo. Rai ya yi halinsa ne a sanyin da ya wuce, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani, kowa ya wuce.

Marigayiyar ta zo mana daga wani kamfanin tsima kokwamba, kuma har ta bar duniya warin tsami bai gama rabuwa da ita ba. Shekaru ta yi tsaye a lungu, tsakanin rumfar kekuna da kwandunan shara, ba ta taɓa neman ko fenti ba. Ruwan da muke zagi in ya jiƙa mu a kan keke, ita tara mana shi take yi. Mai haƙuri ce. An jingina mata kekuna, an kashe guntun sigari a murfinta, karen hawa na uku ya mayar da ita abin da ya mayar da ita, ba ta ce uffan ba. Maganarta ba ta wuce "ɗis, ɗis" in an fara yayyafi, sai "bul-bul-bul" in ta ƙoshi.

Ciwon ajali ya fara ne daga famfonta, wanda ya cije tun kaka. Kowa a garin nan ya san ganga ba ta shiga hunturu da ciki cike. Tunda famfo ya ƙi, sai dai a karkata ta a zubar, aikin ƙarti biyu, ni kuwa bayana ko buhun taki ba ya ɗauka yanzu. Na kai maganar taron mazauna. Shugaban kwamiti, Malam Harm Oosterhuis, ya gyara tabarau ya ce, "Maƙwabciya, indararo na kamfanin masu gida ne, duk abin da ke sha a bakinsa su ya shafa." Kamfani suka ce iyakarsu bakin indararo, abin da ke ƙasa namu ne. Sjoerd na hawa na huɗu, wanda kullum yana wurin ɗaga ƙarfe, ya ce, "Asabar mai zuwa, Inna Wietske, ki kwantar da hankalinki." Asabar ɗin har yau tana hanya. Wani bawan Allah da bai bayyana kansa ba ya naɗa wa famfon salatif, ya tafi da ladansa.

Sai sanyi ya sauko. Ruwan ya daskare, cikinta ya kumbura. Ina baranda ina kakkaɓe tabarmar ƙofa na ji kalmarta ta ƙarshe, "ƙas", ta tsage daga wuya har gindi. Da ƙanƙara ta narke, duk abin da marigayiyar ta tara ya bi ta tagar ɗakin ajiya na ƙasa, ya lalata dardumar da maƙwabciyarmu Hatice ta gada wurin mahaifiyarta. Ranar, waɗanda suka rasa hannun karkata ganga duk sun sami bakin magana. Malam Harm ya tsaya cikin ruwan da takalmin roba yana cewa, "Dama na faɗa, tsakar gida ba gona ba ce." Bai taɓa faɗa ba.

Ta rasu ta bar akwatunan tumatir masu jiran shuka, da na'ana'ar Hatice, da kabejin Baba Gerrit, tsohon da tun rasuwar matarsa ba abin da ke sauko da shi daga sama sai ban-ruwa. Marayun nan ba su da mai shayar da su, don famfon waje an rufe shi tuntuni, yanzu kuma kamfani sun hana a sake kafa ganga. Har an fara zancen kwashe akwatunan a ƙara wurin kekuna. Jiya Baba Gerrit ya tare ni a matakala ya ce, "Wietske, in yi shuka bana ko in haƙura?"

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi a tsakar gida. Ba za a kai ta juji ba. Hatice za ta zo da zarto a raba ta biyu, a cika ta da ƙasa, a binne dankali a ciki, tunda dokar kamfani ba ta ce komai a kan tukunyar shuka ba. Ba a buƙatar furanni. Duk mai ta'aziyya ya sauko da bokiti cike da ruwa daga ɗakinsa, kuma haka za a ci gaba da zaman makoki kowace yamma har bazara ta wuce. Wanda ya zo hannu rabbana za a ba shi kofi, amma in ya ga tumatir ya nuna, ya kau da kai.