Rasuwar Ɗan Sa'a, Keken Malam Hayatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu tsami, Malam Hayatu mai dawa na garin Ɗan Isa yana sanar da rasuwar kekensa, Ɗan Sa'a, wanda ya cika ranar Talata a kan hanyar Zurmi, ɗauke da buhun gero.

Marigayin ya shigo gidan tun ana jihar Sakkwato, ta hanyar cacar gwamnati, wadda ake yankar tikitinta a ofis har da hatimi. Sau ɗaya Malam ya yanka, abokai suka zuga shi, sai ga lambarsa ta fito. Daga Kaura Namoda ya turo shi har gida, don a lokacin bai iya hawa ba.

Ɗan Sa'a mai haƙuri ne, bai taɓa neman fetur ba. Maganarsa ba ta wuce "ƙirrin-ƙirrin", sai "ƙiiii" in ya ga gangara.

Da aka yi Zamfara, Shari'a ta zo ta hana caca, sai asalinsa ya zama abin magana. Yara suka riƙa kiransa ɗan haram. Wani malami ya ce a rabu da shi, wani ya ce hukuma ce ta bayar da hannunta, abin da ya wuce ya wuce. Malam ya kai shi kasuwar Shinkafi zai sayar, mai saye ya kama kan keken, shi kuma ya kasa saki. Ya dawo da abinsa, ya yi alkawarin ba zai sake hana kowa aro ba. Tun daga nan marigayin ya kai marasa lafiya asibiti, ya kai saƙon haihuwa, har ɗan malamin da ya ce a rabu da shi ya koyi hawa a kansa.

Ya yi fama da ciwon sarƙa da yawan faci, kafin ƙashin bayansa ya karye.

Ya bar famfo ɗaya, da ƙararrawa, da Inno uwargida, wadda ta sha zama a kan kariyar bayansa.

Za a kai gawar maƙerar Ɗantani ranar Alhamis, a ƙera lauje da ita. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Masu zuwa da keke su taimaka su jingine shi bayan katanga, don har yanzu Malam in ya ga taya biyu sai ya share ido.